Sabon Ƙugu, Tsohon Doki: Yadda Mai Doki Zai Warke Bayan Tiyatar Sauya Gaɓar Ƙugu

Tambayar farko da mai doki kan yi wa likita bayan an sauya masa gaɓar ƙugu ita ce yaushe zai hau. Tambayar ba ta da laifi, amma ba ita ya kamata ta zo gaba ba. Zama a kan sirdi yana cikin zaman da suka fi yi wa sabuwar gaɓa sauƙi: cinyoyi a buɗe, gwiwoyi sun ɗan karkata waje, ƙugu bai lanƙwashe sosai ba. Wuraren da ake jin ciwo guda uku ne, kuma ba a cika lissafa su ba: hidimar doki a ƙasa, lokacin hawa da sauka, sai kuma faɗuwa. Wanda ya gane dalilin kowanne zai iya tsara jinyarsa da kansa, ba sai ya haddace dokoki kamar karatun aku ba.

Abin da aka sa a ciki

Gaɓar ƙugu ƙwallo ne a cikin gurbi. Ƙwallon shi ne kan ƙashin cinya, gurbin kuma yana jikin ƙashin kwatangwalo, da guringuntsi mai santsi a tsakani. Idan guringuntsin ya cinye, ko kan ƙashin ya mutu saboda jini ya daina isa gare shi, kamar yadda ake yawan gani ga masu amosanin jini tun suna da ƙuruciya, ko kuma wuyan ƙashin ya karye, sai a sauya. Salon da ake bi yau ya samo tushe ne daga aikin likitan ƙashi Sir John Charnley a asibitin Wrightington na Ingila a farkon shekarun 1960, kuma yanzu ana yi a manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da na Igbobi a Legas.

Likita yakan yanke kan ƙashin ya cire, ya kankare gurbin ya dasa ƙoƙon ƙarfe, ya shimfiɗa masa roba mai tauri ko tangaran a ciki. Sannan ya zura wani dogon ƙarfe a cikin ramin ɓargon ƙashin cinya, kamar yadda ake zura ruwan fartanya a ƙota, ya ɗora masa sabon ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran. Faɗin ƙwallon galibi milimita 28 ne, ko 32, ko 36. Na asali da aka cire ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa sabuwar gaɓa ta fi ta asali saurin gocewa, wato ƙwallon ya fita daga gurbinsa.

Akwai hanya biyu ta kafa ƙarfen. Ko dai a riƙe shi da simintin ƙashi, wanda ke kamawa tun ana ɗakin tiyata, ko a buga shi tsam ba siminti, a jira ƙashi ya tsiro ya cika ƙananan ramukan da ke jikinsa. Wannan tsirowa tana cin mako 6 zuwa 12. Jijjiga mai ƙarfi a wannan tsakani na iya sa ƙarfen ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan, maimakon ƙashi ya kama shi sai wani laushin nama ya zagaye shi, shi ke nan an fara ciwon cinya da ba ya ƙarewa.

Tarkon yana nan. Zafin da ya hana mutum barci shekara da shekaru na gugar ƙashi da ƙashi ne, kuma tun ranar tiyata aka cire shi. Da yawa sukan ji garau a mako na uku ko na huɗu. Amma jakar da ke lulluɓe da gaɓar, da tsokar da aka yanka ko aka yage don a isa ciki, ba su gama haɗewa ba sai wajen wata uku. Wato ciwo yakan riga rauni tafiya. Mafi yawan gocewar sabuwar gaɓa a cikin wata ukun farko take faruwa, daidai lokacin da mai ita yake ganin ya warke.

Ta ina aka shiga?

Wannan ce tambayar da ta fi ta ranar hawa muhimmanci, domin ta inda aka shiga, ta nan ƙwallon zai nemi fita.

Idan ta baya aka shiga, wato tabon yana gefen ɗuwawu, bangon baya ne mai rauni. Motsi uku ke tura ƙwallon can: lanƙwasa ƙugu har gwiwa ta wuce tsayin ƙugu, wato fiye da digiri 90, gitta ƙafar da aka yi wa aiki ta tsallake ɗayar, da juya gwiwa ciki. Kowanne shi kaɗai da sauƙi. Haɗuwarsu ce masifa, kuma suna haɗuwa ne a ayyukan da ba wanda yake kallonsu a matsayin aiki: sunkuyawa daga kan kujera a ɗauki buta da ke gefen ƙafa, ko tashi daga gajeriyar kujera da gwiwoyi a haɗe.

Idan ta gaba aka shiga, tabon yana gaban cinya kusa da matsematsi, to akasin haka ne. Abin tsoro shi ne miƙa ƙafar can baya tare da juya yatsu waje. Ku lura da wannan, don shi ne ainihin motsin da ƙafa ke yi idan ana wurga ta a kan bayan doki.

Idan ta gefe ne, gocewa ba ta cika faruwa ba, sai dai an taɓa tsokar da ke riƙe kwatangwalo ya tsaya daidai in an tsaya da ƙafa ɗaya. Irin wannan ya fi barin ɗingishi na ɗan lokaci, kuma mahayi yana buƙatar wannan tsoka sosai.

Likitoci sun bambanta kan tsananin waɗannan ƙa'idoji. Wasu sukan sassauta, musamman ga wanda aka shiga ta gaba. Maganar wanda ya yi aikin ita ce abin bi, shi ya ga yadda gaɓar ta zauna. Abin da ya rage ga mai doki shi ne ya faɗi gaskiya tun kafin a kwantar da shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da ya san majinyacinsa zai koma sirdi yana iya zaɓar ƙwallo mafi girma, ko irin ƙoƙon nan mai motsi biyu da aka ƙirƙira a Faransa a shekarun 1970, wanda ya fi wuyar gocewa. Bayan an ɗinke, wannan zaɓi ya wuce.

Dokin ma yana buƙatar shiri

Mutane sukan shirya ɗaki da kujera su manta da wanda ke ɗaure a turke. Dokin da aka saba fita da shi kilisa kullum, aka wayi gari ba mai hawansa wata uku ko huɗu, ana kuma ci gaba da zuba masa dawa da dusa yadda aka saba, zai zama wani doki dabam. Ƙarfi zai taru masa, ya koyi tutsu da cizo, ga haɗarin ciwon ciki da ciwon kofato da ɗaurewar tsoka. Kuma wannan dokin ne mai sabon ƙugu zai zo ya hau.

Doki mai nauyin kilo 400 yana cin busasshen abinci wajen kilo 8 a rana, kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa ke nan. Idan aiki ya tsaya, a rage hatsi zuwa rabi ko ƙasa da haka, a cike gurbin da ciyawa da harawa. Duk wani sabon abinci da za a shigar, a shigar da shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. A samu mahayi mai natsuwa da zai riƙa fita da shi sau uku ko huɗu a mako, ba yaron da zai mai da shi dokin sukuwa ba. Gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8 ya ci gaba, a hannun wani.

Abu biyu kuma ya kamata a koya masa tun mai shi yana kan ƙafarsa: ya tsaya cak a gefen dakali ko matakala har sai an ce ya tafi, kuma ya yarda a hau shi ta dama. Dawaki da yawa ba a taɓa hawansu ta dama ba, ranar farko sukan zabura. Gara su yi zaburarsu da mai lafiyayyen ƙugu.

Mako shida na farko

Yawanci a ranar aikin ko washegari ake tayar da mutum ya taka, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ko sanduna biyu. Zare ko ƙusoshin ɗinki sukan fita a kwana 10 zuwa 14. Maganin hana daskarewar jini, ƙwaya ko allura, akan sha shi har kwana 28 zuwa 35, kuma kada a yanke shi don an ji sauƙi. Kumburin ƙafa har zuwa idon sawu ba abin tashin hankali ba ne, yakan yi watanni yana zuwa yana tafiya. Ɗaga ƙafa a kwance da ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 suna rage shi. In an koma sanda ɗaya, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen aikin ba. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai aikin ce ke fara sauka.

Takardun da asibitocin Turai ke bai wa majinyata an rubuta su ne ga mai zama a kujera da masai na zaune. Rayuwarmu a ƙasa take. Masai na tsuguno, zama a tabarma, cin abinci a ƙasa, durƙusawa gaida manya, wanke ƙafa a alwala, sujada da zaman tahiya: kowannensu yana lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90, zaman tahiya ma har da murɗa. Saboda haka a tanadi kujerar bayan gida mai tsayi, a yi salla a kan kujera da nuni, a zuba ruwa a ƙafa daga tsaye ko wani ya taimaka. Ma'aunin kowace kujera ɗaya ne: in an zauna, gwiwa ta kasance ƙasa da ƙugu. Katifar da ke ƙasa a ɗaga ta. Ana kwanciya rigingine da matashi tsakanin cinyoyi. Masu sarauta da 'yan fada su nemi uzurin faɗuwa gaisuwa tun da wuri. Ba wanda zai ga laifinsu.

Barga kuwa, a wannan lokaci a tsaya daga waje. Ba don doki mugu ba ne. Dalili shi ne abin da jiki ke yi ba da shawarar mai shi ba. Doki ya kaɗa kai don korar ƙuda, ko ya matsa gefe taku ɗaya, nan take mutum zai kauce, kuma kaucewar takan zo da murɗa jiki a kan ƙafar da ke kafe a ƙasa. Awon da aka yi a Balin ta Jamus, da gaɓoɓin da aka dasa wa na'urar auna nauyi, ya nuna tafiya zalla tana ɗora wa ƙugu wajen ninki biyu da rabi na nauyin jiki, tuntuɓe kuma yana iya kaiwa ninki takwas. Ƙasan barga kuma gidan tuntuɓe ne: igiya, turke, ramin da doki ya tona da kofato, santsin fitsari, ga sanda tana nutsewa a laka. Ƙari a kan haka, mai shan maganin tsinka jini in ya sha hauri ko an take shi, jinin da zai taru a ciki ya fi na kowa. Mai shan maganin zafi mai sa maye kuwa ba shi da hanzarin kaucewa ma.

Sai maganar ƙwayoyin cuta. Ƙarfe ba shi da jini, don haka garkuwar jiki da maganin da ake sha ba sa isa jikinsa yadda ya kamata. Ƙwayar cutar da ta samu ta manne masa takan gina wa kanta rufi, wani lokaci ba ta fita sai an ciro ƙarfen gaba ɗaya. Ba ya yawan faruwa, wajen mutum ɗaya cikin ɗari ne, amma wanda ya faɗa wa yakan yi watanni yana jinya. Raunin da bai rufe ba ba shi da haɗi da ƙurar kashin doki, kuma ya kamata a tabbatar allurar rigakafin tetanus ba ta tsufa ba. Masu ciwon suga, masu shan taba da masu amosanin jini sun fi kowa buƙatar kiyayewa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko rauni mai fitar da ruwa bayan mako guda, ko ja da zafi da ke ƙaruwa, a koma wurin likitan da ya yi aikin. Kada a ce maleriya ce a sayi magani a kemis a zauna. Ƙwauri ya kumbura ya yi tauri da zafi, ko numfashi ya fara sarƙewa, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Wanda kewar dokinsa ta dame shi, a fito masa da shi, wani ya riƙe, shi kuma ya tsaya bayan katanga ko shinge ya shafa goshinsa. Ya wadatar.

Daga mako shida zuwa wata uku

Bayan ganin likita na mako shida da hoton ƙashi, akan saki mutum kaɗan-kaɗan: tuƙin mota, tafiya mai nisa, keken motsa jiki na tsaye. A nan ne ake komawa hidimar doki, kuma a nan ne aka fi yin ganganci.

A fara da abin da ake yi a tsaye: goge wuya da gadon baya, taje geza, zuba abinci a komin da aka ɗaga daga ƙasa. Dokin yana ɗaure gajere, mutum yana tsaye ta kafaɗarsa, da hanyar fita a bayansa, ba a matse tsakanin doki da bango ba. Duk abin da ke ƙasan gwiwar doki ba na mai jinya ba ne tukuna. Ɗaga kofato ya haɗa komai da aka hana: sunkuyo mai zurfi, murɗa jiki, ga doki yana jingina nauyinsa ko ya fizge ƙafa. Ɗaure dabaibayi da kwance igiyar ƙafa daga turke haka suke. A bar wa yara har wata uku ya wuce.

Nauyi ma a riƙa lissafa shi da lamba, ba da "ai na saba" ba. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a rana, fiye da haka in ana zafi. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, buhun abinci kilo 50. Ɗaukar nauyi a hannu ɗaya yana matsa wa ƙugun ɗaya gefen, saboda haka in dole ne a ɗauki bokiti, a riƙe shi a gefen da aka yi wa aiki, kada ya wuce kilo 5 da farko. Tiyo da baro sun fi.

Jan doki da ragama shi ne na ƙarshe a ayyukan ƙasa. Igiya ta zama doguwa, wajen mita uku, a naɗe a tafin hannu ba a ɗaure a wuyan hannu ba. In ya fizga, a saki. Doki ana kamo shi. Wurin juyawa a tura shi ya juya ta can, mutum yana bin sa da ƙananan taku, maimakon a kafe ƙafa a jawo shi. Wannan ɗabi'ar ta juyawa da taku uku maimakon murɗa ɗaya ita ce ta fi cancanta a koya har ta zama jiki. Ingarma mai zafin kai, musamman in akwai goɗiya kusa, ba na wannan lokacin ba ne.

Hawan kansa

Ƙungiyoyin likitocin ƙugu na Amurka sun daɗe da sanya hawan doki a rukunin wasannin da ake yarda wa wanda ya iya tun da ya koma musu, ba wanda zai fara koyo ba. Lokacin da aka fi bayarwa yana tsakanin wata uku da wata shida. Amma kalanda ba ta hawa doki. Kafin a ɗaura majayi, mutum ya iya tsayawa a kan ƙafar aikin ita kaɗai daƙiƙa 30 ba tare da kwatangwalo ya zube gefe ba. Ya yi tafiyar minti 30 zuwa 45 ba ɗingishi. Ya hau matakala ya sauka bai dafa ba. Ya kuma zauna a wangale a kan durom da aka kwantar aka tokare, na minti goma, ba zafi a matsematsi. Durom ɗin yana da wani amfani: a kansa likitan fisiyo, wato mai koyar da motsa jiki bayan tiyata, zai ga yadda ƙafar ke tsallakawa, ya faɗi gefen da ya fi dacewa a hau ta nan.

Ga abin da ke faruwa in an hau daga ƙasa yadda aka saba. Ƙafar hagu tana tashi zuwa likkafa, gwiwa ta kusa kai ƙirji, ƙugu ya wuce digiri 90 da nisa. Sannan duk nauyin jiki ya hau kan wannan lanƙwasasshen ƙugu yayin da gangar jiki ke juyawa. Ga wanda aka yi wa ƙugun hagu ta baya, da wuya a samu motsin da ya fi wannan muni. Ita kuma ƙafar dama tana miƙewa baya, ta buɗe, ta juya don ta tsallake bayan sirdi; ga wanda aka yi wa ƙugun dama ta gaba, nan ne nasa haɗarin. Kowane gefe da rabonsa.

Dogon dakali yana warware mafi yawan wannan. A gina shi ko a haɗa shi da katako mai nauyi, tsayinsa ya kusa daidai da inda likkafa ke reto, wajen santimita 70 zuwa 80 ga matsakaicin doki, da matakala huɗu da fili a sama da zai ɗauki ƙafa biyu a sake. Daga nan ba a buƙatar taka likkafa sam: a dafa, a tsallaka ƙafa, a zauna a hankali, sannan a nemi likkafa. Turmi a kife, bokiti ko kujerar roba ba dakali ba ne, suna gocewa daidai lokacin da nauyi ke kan ƙafa ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙe kan dokin, wani ya tsaya ta ɗaya gefen.

Sirdin gargajiya yana da nasa zance. Dogayen kwacciyoyinsa na gaba da baya suna riƙe mahayi daram in ya zauna, wannan alheri ne. Amma sai ƙafa ta tashi sama sosai kafin ta tsallake ta bayan, kuma tarin zubuka da jalala a ƙarƙashi yana ƙara wa doki faɗi, cinyoyi su wangale fiye da abin da sabuwar gaɓa ta saba. Babbar riga ko alkyabba ta maƙale a kwacciya ana tsakiyar sauka, mutum ya rataye a kan ƙugu ɗaya. A ganina watannin farko na sirdin Turawa ne, irin na 'yan folo, mai kwantaccen baya, a kan doki siriri, da wando da 'yar shara. A saki likkafa rami ɗaya ko biyu fiye da da, don gajeriyar likkafa tana ƙara lanƙwasa ƙugu. Takalmi ya zama mai dunduniya wanda ba zai zarce cikin likkafa ba, da hular kwano.

Sauka ta fi hawa wuya, domin tsoka ta gaji, ƙafa ta yi sanyi, ga ƙasa tana jan mutum. A dawo gefen dakalin, a zare ƙafa biyu daga likkafa, a tsallako da ƙafa ta baya a hankali, lafiyayyar ƙafa ta karɓi nauyi. Kada a tsallako ta kan wuyan doki, kada a yi tsalle. In ba dakali, a kwanta da ciki a kan sirdi, ƙafafu a haɗe, a zame ƙasa wani yana tallafe.

Ranar farko minti goma ta isa, tafiya zalla, wani yana jan ragama, a fili mai laushin ƙasa. Sau uku a mako, ana ƙara minti biyar duk mako. Abin da ake saurare ba yadda aka ji a kan doki ba ne, yadda aka tashi washegari ne. Tsamin tsoka a ɗuwawu da cikin cinya da ke wucewa cikin kwana ɗaya ba komai. Zafi mai tsini a matsematsi, ko ciwo a tsakiyar cinya duk lokacin da aka taka, ko jin wani ƙas tare da kamar gaɓar za ta zame, waɗannan na tsayawa ne a nemi hoto. Sassarfa ta jira mako uku ko huɗu. Ita ce ta fi jijjiga ƙugu, har wasu kan ga ƙaramin gudu mai laushi ya fi ta daɗi.

In aka faɗi

Ba mahayin da ya fi ƙarfin faɗuwa, kuma wannan haɗari ba ya ƙarewa da wata shida ko shekara. Ƙashin da ke ɗauke da ƙarfe a cikinsa ba ya karyewa kamar sauran. Ƙarfen ba ya lanƙwasa, sai ƙarfin dukan ya taru a inda ya ƙare, ƙashin ya tsage a nan ko ya fashe a kewayensa. Gyaran irin wannan karaya yakan buƙaci faranti da wayoyi, ko a cire ƙarfen a sa wanda ya fi shi tsawo, aikin da ya fi na farko girma da tsada da jinya. Ga tsofaffi da masu laushin ƙashi abin ya fi sauƙin faruwa.

Alamar gocewa ba ta ɓuya: zafi mai tsanani nan take, ƙafa ta gajarce, ta juya ciki ko waje, ba ta takuwa. Kada kowa ya ja ta. Kada a kai wa mai ɗori, ko da ya gyara wa dukan unguwa karaya. Abin da ke ciki ƙarfe ne da roba, ja da ƙarfi na iya fasa ƙashi ko ya lalata jijiyar da ke motsa ƙafa. A kwantar da mutum yadda yake a kan abu mai tauri, a tokare ƙafar da matasai, kada a ba shi abinci ko ruwa domin za a sa shi barci kafin a mayar, a wuce asibitin da ke da likitan ƙashi. Ko da an faɗi an tashi an taka, in ciwon cinya ya kwana biyu bai sauka ba, a ɗauki hoto. Tsaga takan ɓuya. Kuma gaɓar da ta goce sau ɗaya ta fi saurin sakewa.

Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 89 cikin ɗari na sabbin gaɓoɓin ƙugu suna kaiwa shekara 15, kusan kashi 58 kuma suna kaiwa shekara 25. Ga ɗan shekara saba'in wannan albishir ne. Ga ɗan shekara talatin da biyar mai amosanin jini, ma'anarsa akwai yiwuwar wata tiyatar a gaba, kuma ƙashin da ya rage masa jari ne da bai kamata ya kashe a filin sukuwa ba. Shi ya sa kilisa da yamma a kan dokin da aka sani dabam, folo da sukuwa da horar da ɗanyen doki dabam.

Hawan salla yana tsakiya, kuma ya fi kama da na biyun fiye da yadda ake zato. Awanni ne a kan sirdi cikin rana, da nauyin kaya, da cunkoson dawaki masu haurin juna, ga ƙarar bindiga da ke sa doki ya yi taɓarya, ga jafi da ke ƙarewa da zamiya, inda duk ƙarfin tsayawar ke sauka a kan ƙugu. Wanda zai shiga a shekarar farko ya shiga da doki mai sanyi, zagage biyu a gefe, ya bar wa matasa jafin, ya kuma san inda zai sauka tun kafin ya hau.

In tiyatar ba ta gaggawa ba ce, ana iya zaɓar lokacinta da wannan lissafi. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba wata biyu ne da kwana goma, wajen mako goma ke nan, bai kai ko mafi ƙarancin lokacin da ake bayarwa ba. Wanda aka yi wa aiki bayan Ƙaramar Salla ya cire Babbar daga lissafi. Wanda kuwa aka yi wa bayan an sauke kayan Babbar Salla yana da fiye da wata tara kafin a sake buga tambari.